Ga mai tambaya kan ƙaninta mai Klinefelter da ke cinna wuta

'Yar'uwa, kin ce likitoci sun gano ƙaninki ɗan shekara 15 yana da Klinefelter, ga shi ya ƙona katifa, ya kuma cinna wa bola wuta, kina son sanin ko lalurar ce ke sa shi. Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, bari in faɗi abin da na gani.

Namiji kan zo da kuromosom (ƙwayoyin gadon halitta) X da Y, mai Klinefelter kuwa an ƙara masa X guda, ya zama XXY. Kusan namiji 1 cikin 600 haka yake, kuma akasarinsu har su tsufa ba a ganowa, balle su ƙona wani abu. Gaskiya ne wani bincike da aka fitar a Denmark a 2012 ya nuna hukuncin laifin tada gobara ya fi yawa a cikinsu. Amma waɗanda aka gano kaɗai aka ƙirga, kuma masu laifin 'yan tsiraru ne. Kar wani ya ce miki cinna wuta a jininsa take.

Yaran da suka ratsa ta hannunmu, labarinsu kusan ɗaya. Bakinsu ya yi nauyi tun suna ƙanana, karatu na ba su wuya, lokacin balaga kuma ga tsawo, ga ƙirji ya ɗan tasa, babu gemu. Sai tsokana a makaranta. Akwai wanda ko a zafin Afrilu ba ya rabuwa da riga biyu don ɓoye ƙirjinsa. In ka tambaye shi me ya faru sai ya sunkuyar da kai, maganar ta ƙi fitowa. Da muka bi diddigi, duk ranar da ya ƙyasta ashana, an ci masa fuska da safe.

Don haka ki riƙa lura da abin da ya faru kafin kowace wuta. Duka kam ba ya magani, ɓoyewa kawai zai koya. A kulle ashana da fetur ɗin janareto, a ɗaure tukunyar gas, kar a bar shi shi kaɗai da ƙananan yara tukuna.

Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, sannan likitan sinadaran jiki ya auna masa testosteron, wato sinadarin mazantaka. Allurar testosteron kan taimaka wa ƙashi, kuzari da yanayin rai, amma ba maganin cinna wuta ba ce, kuma kar ku kuskura ku saya a kemis. Allah Ya ba shi lafiya.