Yaron shago mai rikicewa da rubutu

Malam, yaron nan da ka ce hannunsa na da kyau a keken ɗinki amma da ka rubuta masa awo sai ya rikice, ba lallai iya shege ba ne fa. Akwai abin da ake kira disleksiya, ƙwaƙwalwa ce ke shan wahalar haɗa harafi da sautinsa, ba ruwanta da basira. Ni ma ina da irinsa a shagona nan Gombe, daina ba shi takarda na yi, awon kwastoma sai in tura masa saƙon murya a WhatsApp ya yi ta saurara, yanzu kaftani sai ka gani. Don Allah kar ka sa shi karatu gaban sauran yara, kunya ce ke korarsu daga sana'a.