Idan sabis ya ɗauke a ƙauyenmu, kamfani yana sani kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar POS a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kafin Hausa, Jihar Jigawa. Sabis kan ɗauke mana, wani sa'in har ranar kasuwa. Kamfani yana sani da kansa, ko sai mun kai kuka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Galibi ya riga ka sani. Na'urorin da ke gindin turken sabis suna rubuta duk abin da ya same su, da sa'arsa da daƙiƙarsa: wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, batir ya fara sauka, ɗaki ya ɗau zafi, an buɗe ƙofa. Nan take saƙon ke isa manyan kwamfutocin cibiyar sa ido, inda ma'aikata ke karɓa-karɓa dare da rana. Kowane saƙo da nauyinsa. Tsarin syslog, wanda na'urori ke amfani da shi wajen aika irin wannan saƙo, matakai 8 gare shi, daga 0 mafi muni zuwa 7.

Abin da ke ba mu wahala, mu masu aikin sa ido, yawan ƙararrawa ne. Turakun karkara a sarƙe suke, wannan na karɓa daga wancan ta farar gangar nan da kake hange a jikin ƙarfen. In man janareta ya ƙare a babban turke, duk na bayansa sai su yi ta kuka tare, alhali lafiyarsu ƙalau. Sai mun jera rubutun bisa lokaci mu ga wanda ya fara, kada a tura injiniya garin da ba nan ciwon yake ba. Shi ya sa agogon dukkan na'urorin tilas ya zama ɗaya.

Amma akwai matsalar da ba ta kuka, kuma ita ta fi damuna. Turke kan nuna lafiya a allo, wayarka cike da sabis, amma kira ba ya shiga, POS ba ta ci. Sai an duba alƙaluman zirga-zirga an ga sun faɗi, ko ku kun yi magana.

Don haka ka kira 300, layin masu hulɗa da kamfaninka. Faɗi sunan ƙauyen, ƙarfe nawa abin ya fara, kira ne ko data, kuma ko wayoyin maƙwabta masu layi irin naka haka suke. Da lokacin za a buɗe rubutun a binciko. Karɓi lambar ƙorafi ka adana. In an yi shiru, kira hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, a 622, kyauta ne, ka ba su lambar.