Abokina ya kashe kansa, motar da muke gyarawa tana garejina

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto miki ne saboda na rasa wanda zai saurari maganar nan har ƙarshenta ba tare da ya katse ni da "sai haƙuri" ba.

Shekaruna sun haura hamsin, kuma lokacin hutuna a kan tsofaffin motoci yake ƙarewa, irin waɗanda aka daɗe da daina ƙerawa. Mu 'yan kaɗan ne, mukan haɗu a ƙarshen mako, kowa da tsohuwar da yake lallaɓawa, wani Mercedes W123, wani Volkswagen Beetle. A nan na san abokina. Ba tare muka tashi ba, mota ce ta haɗa mu. Wani ɗan ƙarfe na kabureta ne ya gagare ni samu, aka ce in tambaye shi. Washegari sai ga shi ya kawo mini a naɗe cikin tsumma, ya ƙi karɓar komai.

Mutum ne mai kunne. Inji na aiki zai dafa bakin sukudireba a jikinsa, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido, ya ce maka ga inda matsalar take, kuma da wuya ya kuskure. Shekarun baya ya samo Peugeot 504 ƙirar 1974, tsatsa ta cinye ƙasanta. Da yake ba shi da wuri, a garejina muka ajiye ta. Mun sauke inji, mun wanke, mun mayar, ta tashi. Abin da ya rage birki ne da wayoyi da fenti.

Watannin baya ya kashe kansa. Ya bar mata da 'ya'ya.

Ga abin da ke cin raina. 'Yan makonni kafin abin ya faru, ya zo da akwatin sufanunsa, wanda ko ɗansa ba ya bari ya taɓa, da littafin gyaran motar da ya cika gefensa da rubutun hannunsa. Ya ce, "Riƙe, a wurinka za su fi amfani." Na yi dariya, na ce ko ritaya zai yi. Ranar fuskarsa a sake take, yana ta raha, alhali watanni kafin nan yakan zo shiru-shiru, wani lokacin ma ya ƙi zuwa ya ce gajiya ce. Har daɗi na ji, na ce mutumina ya dawo. Sai bayan rasuwarsa na ji cewa bashi ya yi masa katutu, barci kuma ya daɗe da ƙaurace masa. Shekaru muna kwance ƙarƙashin mota ɗaya, yana miƙo mini sufana ina miƙa masa, ban san komai ba.

Tun ranar ban buɗe garejin ba. Nima yanzu barcin nawa rabi da rabi ne. Sauran abokai sun daina ambaton sunansa, in wani ya tambaya sai a ce rashin lafiya ce. Ɗaya daga cikinsu ma cewa ya yi wai ba a yi wa irinsu addu'a, na rasa abin da zan ce masa. Wani lokacin haushin marigayin nake ji, sai kuma kunyar kaina ta kama ni. Matarsa ta aiko cewa in yi yadda na ga dama da motar, ba ta son ganinta. Uwargidana kuma ta ce in sayar in huta.

Anti, da na lura, da yana nan da rai? Wace irin abota muka yi da har bai iya gaya mini ba? Kuma ya zan yi da motar nan?

Ƙaninki,
Mai gareji a kulle

*

Wa alaikumus salam ƙanena,

Allah ya jiƙan abokinka, ya gafarta masa, ya ba ka haƙuri kai da iyalinsa. Da gangan na fara da addu'a, domin maganar da wancan abokin naku ya faɗa ba haka take ba. Mutum ya kashe kansa babban zunubi ne, babu mai musun wannan, amma mafi rinjayen malamai sun tafi a kan cewa hakan ba ya fitar da shi daga addini. Ana yi masa salla, ana roƙa masa gafara, al'amarinsa yana hannun Allah, wanda ya san halin da hankalinsa yake ciki a wannan lokaci. Ka yi masa addu'a, ka yawaita.

Ba zan rufe ka ba. Rabar da abin da mutum yake ji da shi, janye jiki daga mutane, da natsuwar da take saukowa kwatsam bayan dogon ƙunci, duk suna cikin alamomin da likitocin ƙwaƙwalwa ke lissafawa. Sai dai kai yanzu kana duba waccan ranar ne da sanin abin da ya biyo baya. A ranar, abin da ke gabanka shi ne aboki mai kyauta, wanda tun farkon haɗuwarku kyauta ya yi maka, ya sake yi maka wata yana murmushi. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to wannan ciwon yana koya wa fuska ɓoyo, kuma waɗanda mutum ya fi ƙauna su ya fi ɓoye wa. Ko ƙwararru, da horonsu da takardun marar lafiya a gabansu, abin yana kuɓuce musu. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara binciken shekara 50 a kan abubuwan da ke nuna wanda zai yi yunƙurin kashe kansa, ya gano cewa hasashen da ake yi da su bai fi canki-canka ba sai da kaɗan. Abin da ya gagari masana, kada ka ɗora wa kanka shi a matsayin laifi.

Kada kuma ka tsaya a kan bashi kawai. Masu bashi suna da yawa, kuma suna raye. Galibi abubuwa ne suke taruwa, ciwon damuwa mai tsanani, rashin barci, kunya, matsin rayuwa, har tunanin mutum ya ƙuntata ya fara ganin kansa kaya ne a wuyan iyalinsa, ya ɗauka tafiyarsa sauƙi ce gare su. Wannan ƙaryar ciwo ce, kuma ciwon yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kuma maza sun ninka mata fiye da sau biyu. Maza sun fi jinkirin zuwa asibiti, sun fi cewa "gajiya ce."

Tambayarka ta biyu ce ta fi taɓa ni, kuma a nan ba zan yarda da kai ba. Abotarku abota ce. Maza da yawa ba sa iya zama su kalli juna ido cikin ido su faɗi damuwarsu, sai hannu yana kan wani aiki sannan baki yake buɗewa, wani lokacin ma ba ya buɗewa, zaman kawai ake yi a samu sauƙi. A Ostireliya tun shekarun 1990 aka fara kafa rumfuna na musamman inda maza ke taruwa suna aikin katako da gyare-gyare, saboda an fahimci cewa ta haka ake cire su daga kaɗaici, kuma tsarin ya bazu zuwa Ailan da Birtaniya. Abin da ku kuka yi ke nan ba tare da kun sa masa suna ba. Mutumin da duniya ta yi masa zafi, ya ci gaba da ɗaukar ƙafa yana zuwa garejinka, wurin da babu mai binsa bashi, babu mai kallonsa da tausayi, inda kunnensa yake da daraja. A ganina nan ne yake numfasawa. Kuma da ya tashi miƙa abin da ya fi so, hannunka ya nema. Haushin da kake ji ma daga nan ya fito, ba a jin haushin tafiyar wanda ba a damu da shi ba. Kusan duk wanda ya yi irin wannan rashi yana jin sa, ba abin kunya ba ne.

Shirun da abokanka suka yi shi ne ya fi damuna. Abin da za a faɗa wa bare hakkin iyalinsa ne, ku bar musu, kuma ko a tsakaninku babu amfanin maimaita yadda abin ya faru dalla-dalla. Amma sunansa ku ambace shi, ku tuna aikinsa. An tabbatar cewa waɗanda suka rasa na kusa ta wannan hanya su ma haɗarin yana ƙaruwa a kansu, kuma ku duka kun yi rashin. Ka zama kai ne za ka fara. In ka ga wani ya daina zuwa, ko ya fara rabar da kayansa, ko yana cewa ya gaji da duniya, ka ja shi gefe ka tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Na san tana da nauyi a baki. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa, ya ga an ba shi ƙofar magana. In ya ce e, kada ka yi masa faɗa ko wa'azi a lokacin, kada a bar shi shi kaɗai, a nisanta shi da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Kai ma ina tambayarka wannan tambayar, ƙanena. In amsar e ce, ko da sau ɗaya tunanin ya gifta maka, ka gaya wa uwargidanka yau, ku je wurin likita tare. Ko babu wannan, rashin barcin nan ya isa dalilin ganin likita. Baƙin cikin da ya wuce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa, tun 2022 yana cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma akwai masu ba da shawara da suka ƙware a kansa.

Motar kuwa, kada ka sayar yanzu. Da farko ba taka ba ce, ta magada ce, kuma matarsa, baiwar Allah, cikin zafin rashi ta yi magana. 'Ya'yansa suna da hakki a ciki, wataƙila ɗan nan da aka hana taɓa akwatin sufanu wata rana ya so sanin abin da mahaifinsa ya iya. Ka nemi ɗaya daga cikin abokan ya raka ka ku buɗe garejin, kada ka shiga kai kaɗai karon farko. Ku cire kan batir, ku ɗaga ta don kada tayoyi su lalace, ku lulluɓe ta, sauran kai ka fi ni sani. Ka rubuta duk kayan da ke nasa, har da akwatin da littafin, ka aika wa wani babba a danginsa takardar, ka ce suna nan a ajiye babu gaggawa.

In hankali ya ɗan kwanta, ka sake tuntuɓarsu. In sun ce a ajiye wa yaran, ka ajiye, ka gayyaci ɗan ya riƙa zuwa in mahaifiyarsa ta amince. In sun ce a sayar, ka tara abokan nan ku kammala birki da wayoyi da fenti tukuna, domin motar da aka gama ta fi wadda aka bari rabi daraja nesa ba kusa ba, sannan ku miƙa wa iyalin kuɗin gaba ɗaya su fara rage bashin da ya bari.

Antinku