Rediyon tirela ta rubuto "No Signal": eriya ce ta mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tirela ne, ina lodin hatsi daga Dawanau zuwa Legas. Maigidana ya sayo mota ta hannu ƙirar Amurka, rediyonta tana da maɓallin da aka rubuta wa SAT. Da zarar na danna sai ta rubuto "No Signal". Wani mai gyara ya ce in kawo kuɗi ya sa mini sabuwar eriya. In bayar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, direba. Riƙe kuɗinka. Ko eriya goma aka jera a kan motar nan ba za ta yi magana ba.

Wannan maɓalli na rediyon tauraron ɗan adam ne na kamfanin SiriusXM, wanda ya samu daga haɗewar Sirius da XM a 2008. Taurarinsa Amurka da Kanada suke haskawa, siginarsu ba ta zuwa Afirka, kuma can ma sai mutum ya biya kuɗin wata. Mu ma an taɓa yi mana irinta: WorldSpace ta harba tauraron AfriStar a 1998, amma kamfanin ya karye a 2008, rediyoyinsa suka zama kayan ado.

Ka lura da abin da allon ya rubuta. "Check Antenna" na nufin waya ta tsinke ko soket ya kwance. "No Signal" kuwa yawanci eriyar lafiyarta lau, ta duba sama ne ba ta ga kowa ba. Mai gyaran ko dai bai san wannan ba, ko ya sani. Allah ne masani.

Tambaya: To ita FM ɗin ma sai shuuu take yi, ko a cikin gari.

Amsa: Yawwa, nan ne ake da gyara. Eriyar FM daban take da wancan ɗan baƙin ƙoƙon da ke kan rufi, wato eriyar SAT. A irin motarka sau da yawa tana jikin ƙarfen madubi, wayarta ta bi ta bakin ƙofa. Buɗe da rufe kullum yana cin wayar a daidai wurin lanƙwasa. Bi ta da yatsa, inda ka ji ta tauye ko robar ta tsage, nan ne. Sannan ka kwance gindin eriyar ka duba. Ruwan damina da ƙurar hunturu suna tara tsatsa a wurin, ka goge da sanfefa har ƙarfe ya fito fes, ka ɗaure tamau.

In hayaniyar ba ta tafi ba, kama tashar Freedom ta Kano a 99.5, ka zare cajar wayarka daga soket. Caja mai arha da fitilun LED na ado da kuke son jerawa suna watsa ƙara ƙwarai. Ka riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin.

Wani abu kuma: rediyon Amurka tana tsallaka lambobin FM bibbiyu, 99.3, 99.5, 99.7, a AM kuma goma-goma take tafiya alhali namu tara-tara ne, don haka tashar da lambarta ta faɗa tsakani ba za ta kamu daidai ba. Wasu rediyoyin suna da wurin sauya yanki a saitinsu. In taka ba ta da shi, sayi wata mai Bluetooth a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, amma ka gaya wa mai shago motarka 12V ce, kada ya ba ka ta tirelar DAF mai 24V.