Kafin ka cire kik ɗin a-kori-kurarka mai dizal

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce in ka murɗa makulli sai ka ji "ƙas" sau ɗaya motar ta yi shiru, sai ka yi ta maimaitawa kafin ta kama, kana tambaya ko za ka iya cire kik ɗin, wato na'urar lantarkin da ke juya inji ya tashi, da kanka ka ɗaura sabo. Za ka iya. Bol biyu ne ko uku, da waya biyu. Amma da za ka ji ta tawa, kada ka sayi sabo tukuna.

Injin dizal matsa iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, shi ya sa matsinsa ke kaiwa ninki 16 zuwa 22, alhali na fetur bai cika wuce 11 ba. Kik ɗin da zai juya wannan ɗaruruwan amfiya yake ja a lokaci guda. Ɗan tsatsar da motar fetur ba za ta ko ji ba a kan batir, ita za ta kwantar da mai dizal, kai kuma ka rantse kik ne ya mutu. Samu mita mai auna volt. Cikakken batir yana ba da volt 12.6 in mota na kashe, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba lokacin da ake murɗa makulli. In ya wuce wannan gwajin, sa bakin mita ɗaya a kan batir mai alamar ƙari, ɗayan a babban notin da ke jikin kik, wani ya murɗa maka. In ka ga sama da volt 0.5, wayar ce ke cinye wutar. Haka za ka yi tsakanin jikin inji da kan batir mai alamar ragi, don wayar at, wadda ke haɗa wannan kan da jikin mota, tana ruɓewa daga ciki, robarta na nan garau.

In duk waɗannan lafiya, to a sauke kik ɗin. Fara da cire kan batir mai alamar ragi, ka kawar da shi gefe inda ba zai dawo ya taɓa ba. Wasu a-kori-kura batir biyu gare su. Duka biyun za ka cire, don ɗaya kaɗai ya isa ya ƙona ka. Babbar wayar kik kai tsaye take zuwa daga batir, makulli ba ruwansa da ita, kuma a motoci da yawa babu fis a tsakani. Na taɓa ganin sifana ta haɗa notin nan da jikin inji: ta manne, ta yi ja wur, kafin a fizge ta bakinta ya narke. Cire zobe da agogo. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ja birkin hannu, sa waigi, kuma in ka ɗaga ta kada ka shiga ƙarƙashi tana kan jak kaɗai. Bari salansa ta huce.

Kik yana inda inji ya haɗu da giyabos. A wasu motocin sai ka cire farantin ƙasa, a wasu ta ramin tayar gaba ya fi sauƙi. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka taɓa komai. Ƙaramar waya ce ta farko, ka lallaɓa maƙallinta don zafi ya busar da robar, sannan notin babbar. Bol ɗin sama shi ne ɗan rigima: ba ka ganinsa, da yatsa ake lalubo shi, sai da doguwar sandar soket. Fesa masa mai sassauta tsatsa, ka ba shi lokaci, kuma ka sa soket mai kusurwa shida da ya zauna daram, don in kansa ya murje aikin awa ɗaya ya zama na yini. Sassauta dukkansu, ka fitar da na sama, na ƙasa ya zama na ƙarshe yana riƙe maka nauyin. Kik ɗin dizal kan kai kilo biyar ko fiye, kuma saitin fuskarka yake.

Da ya fito, kada ka yi saurin tashi. Haska tocila cikin ramin ka dubi haƙoran filawil, babban faifan ƙarfen da kik ke kamawa ya juya inji, wani yana juya injin a hankali ta bol ɗin fuli na gaba. Inji mai fistin huɗu kusan kullum a wurare biyu yake tsayawa, don haka a nan haƙoran ke cinyewa, sauran zagayen kamar sabo. In sun guntule, sabon kik ma gurza zai yi. Dubi jikin tsohon kuma: in jiƙe yake da dizal ko baƙin mai, nemo inda ke ɗiga, in ba haka ba sabon ma abin da zai kashe shi ke nan.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ka dakata da saye. Wannan "ƙas" ɗin da kake ji, in fitilun mota ba su dushe ba, kuma in ka nace ta tashi da ƙarfinta, yawanci solanoid ne, wato makunnin da ke jikin kik mai haɗa masa wutar batir. A kik irin na Denso, wanda ke kan Toyota da yawa, in ka kwance sukurori uku na murfin solanoid za ka tarar da guntayen jan ƙarfe biyu, da wani faifai da ke bugo su ya haɗa wuta. Tartsatsi yana cin su a hankali, musamman na ɓangaren batir, har ya yi rami faifan ya daina zama daidai. Ana sayar da su daban, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na kik ba. A wajena asalin kik da aka sauya wa waɗannan da burushi, wato gawayin da ke kai wuta cikinsa, ya fi sabo mai araha marar suna. In dai ba amecha, naɗin wayar da ke juyawa a cikin kik, ce ta ƙone ba (za ka ji warinta), ko bendis, ƙaramar giyar da ke kama filawil, ya fara zamewa, gyara ya fi. Shi kuwa bugun kik da guduma, ya fitar da kai daga daji sau ɗaya, amma wasu na da maganaɗisu a ciki da ke tsagewa.

In saye ya zama dole, tafi da tsohon a hannu. Ƙirga haƙoran bendis, don akwai mai 9, mai 10, mai 11. Duba volt, 12 ne ko 24, da kilowat ɗin da ke rubuce, da ramukan bol, da ɓangaren da solanoid ya kalla. Na otomatik da na giyar hannu sukan bambanta. Na fetur kan shiga a wasu injinan, amma ba zai daɗe ba.

Wajen ɗaurawa, goge fuskar da kik ke zama da samfefa, ta nan yake samun at. Fara bol da hannu ya shiga sosai kafin sifana, don gidan giya na alminiyom ne a motoci da yawa, zarensa ba ya jure ganganci. Notin babbar waya kuma kada ka danne shi da ƙarfin tsiya, murfin da ke riƙe da shi fashewa yake. Mayar da hular roba, nisanta wayar da salansa, sannan kan batir na ragi ya koma a ƙarshe.

Sa giya a firi, jira fitilar hita ta mutu, ka murɗa. Kada ka wuce daƙiƙa 15, ka bar shi ya huta kafin ka sake. In ka ji gurza, saki makulli nan take, bai zauna daidai ba. In kuma ya buga injin ya ƙi motsi sam, gwada juya shi da hannu ta fuli. Ya cije, to mai yiwuwa ruwa ko dizal ya cika saman fistin, kuma tilasta shi lanƙwasa konrod, sandar da ke riƙe da fistin, yake yi.

Turo mana samfurin motar da shekararta, da abin da mita ta nuna lokacin murɗawa, sai a gaya maka ta inda za ka shiga.