Amsar Yaya kan littafi na biyun nan da tuna baya ya cinye

(Na rubuto muryar da Yaya ya turo daren jiya saboda waɗanda ba su da datar buɗewa.)

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da ƙarar janareto, na maƙwabci ne, tun la'asar aka ɗauke mana wuta a Gwammaja.

Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya. Ka ce ka kalli fim ɗin Ready Player One ya burge ka, ka ji akwai littafi na biyu amma ana ta kushe shi, shin ka saya ko ka riƙe kuɗinka. Ka kuma ce kai ma a kashi na biyu na labarinka, wanda ka kai Kano shekara ɗari gaba, kana so ka zuba tsofaffin abubuwan da muka taso da su don masu karatu su ji daɗi. Maganar ta fi ƙarfin yatsa, shi ya sa na yi murya. Wanda bai karanta ba ya sani, zan fasa ƙwai.

To, na farkon dai ya fito a 2011, Ernest Cline ya rubuta, wani Ba'amurke haifaffen 1972, ka ga kenan ƙuruciyarsa kaf a shekarun 1980 ya yi ta. Spielberg ya mayar da shi fim a 2018, wanda ka kalla. Labarin ka san shi. Duniya ta lalace, kowa ya gudu cikin wata duniyar kwamfuta mai suna OASIS, mai ita James Halliday ya mutu ya ɓoye gadonsa, ya ce wanda ya samo makullai uku shi zai gaje komai. Kuma ba mai samo su sai wanda ya haddace wasanni da finafinai da waƙoƙin da Halliday ya taso da su. Ka lura da wannan wurin sosai. Jarumin labarin, yaron nan Wade, maraya ne, a wajen innarsa yake, a unguwar da aka ɗora gidajen tirela ɗaya kan ɗaya. Ba shi da sisi. Haddar nan ita ce jarinsa, ita ce kaɗai abin da zai kara da wani kamfani mai kuɗi da ma'aikata da shi ma yake neman gadon. In ya tsaya yana maimaita maganganun wani fim na 1983 kalma bayan kalma, ko yana buga wasan Pac-Man ba kuskure ko ɗaya, ni da ban damu da fim ɗin ba ina biye da shi, domin na san in ya faɗi wannan jarrabawa ya koma gidan jiya.

Sai na biyun, Ready Player Two, ya fito a watan Nuwamban 2020. Wallahi farkonsa ya ja ni. Wade ya gaji komai, sai ya tarar Halliday ya ɓoye wata na'ura da ake sawa a ka, ONI, wadda take haɗa ƙwaƙwalwa kai tsaye da OASIS. Ka ji ɗanɗano, ka ji ƙamshi, har ka shiga cikin abin da wani ya taɓa ji a jikinsa ka ji shi kamar kai ne. Amma ba a wuce awa 12 da ita a kai, in an wuce ƙwaƙwalwa ta taɓu. Daga baya kwafin Halliday na kwamfuta, Anorak, ya kulle miliyoyin mutane a ciki, ya ce ba mai fita sai an tattaro masa wasu gutsattsari guda 7. Na ce to madalla, ga labari. Mutum zai iya sayen abin da wani ya ji a ransa, me zai faru da aure, da kunya, da amana? Wa zai yarda ya cire abin ya koma cin garau-garau? Littafi guda ne cur a wannan tambayar kaɗai.

Ina! Sai marubucin ya ajiye wannan a gefe ya kama hannunmu ya shiga yawon gidan tarihi da mu. Duniya guda ta finafinan John Hughes, inda aikin da za a yi shi ne a gyara ƙarshen wani fim na 1986 domin yarinyar ta zaɓi ɗayan saurayin. Duniya guda ta mawaƙi Prince, a yi gasar kiɗa da siffofinsa 7. Sai kuma duniyar littattafan marubuci Tolkien, a je a ciro dutse daga kambun wani mugun sarki. Kuma fa duk wannan, agogo na tafiya, rayukan mutane na hannun Anorak, amma abokan tafiyar za su tsaya suna yi wa juna bitar wane faifai ne ya fito a wace shekara, wane ne ya so ya fito a wane fim aka canza shi. Na ce haba bayin Allah, gida na cin wuta kuna lissafin kwanukan lefe?

Bari in gaya muku yadda na karanta sashen Prince ɗin nan. A waya nake karantawa, ina kwance a tabarma a tsakar gida saboda zafi, sauro na ta hidimarsu. Layi biyu, sai suna. In fita in shiga Google, in ga ashe sunan waƙa ne. In dawo. Layi uku, wani sunan, ashe na gidan rawa ne a Miniyapolis. In dawo. Uwargida ta leƙo ta ce wai karatu nake ko binciken digiri. Da na gaji sai na ce bari in daina dubawa, in karanta haka nan in ga me zai rage. Ƙanena, abin da ya rage bai cika cokali ba. Sun je, sun samo abu, sun wuce gaba. Kamar ka ba mai tsire kuɗi a Sabon Gari ya naɗo maka takarda mai nauyi, ka zo gida ka buɗe ka ga yaji ne da albasa, naman yanka biyu.

Kuma ka san mu ne muka fi kowa iya gane wannan. Ba'amurken da ya yi samartakarsa a 1985, da ya ga sunan waƙar zuciyarsa za ta motsa, ya tuna budurwarsa ta sakandare, ya ɗauka littafin ne ya motsa shi, alhali shi ya zo da abinsa daga gida. Ni kuwa a lokacin ina Kano ina jiran tashar talabijin ta CTV 67 ta buɗe da yamma. Ban zo da komai ba, don haka abin da marubucin ya dafa da hannunsa kaɗai na ci. Duk da haka, har waɗanda suka taso da abubuwan da yawansu sun yi ƙorafi, ka ga ba jahilcina ba ne kawai.

Wani abin kuma, Wade na littafi na biyu yana cikin waɗanda suka fi kowa kuɗi a duniya. Yaro talaka mai hadda abin tausayi ne da sha'awa. Attajirin da ya mallaki komai kuma har yanzu yana cika maka kunne da cewa ya fi ka sanin tsohon fim, wannan kowa ya san irinsa a majalisa. Akwai wani kawunmu, Allah ya ƙara masa lafiya, in aka taɓo sinimar Plaza ta Fagge ko El Dorado, shi ke nan an kunna shi. Minti goma na farko daɗi, ana dariya, kowa na jefa nasa. Daga nan sai ya koma jero sunaye, wane fim ɗin Indiya, wane ɗan wasa, wane ne ya mutu a ƙarshe. Yaran wurin ɗaya bayan ɗaya su zame. Amma ranar da ya ba mu labarin yadda ya sayar da takalminsa na sallah ya shiga kallo, ya dawo ya tarar mahaifinsa zaune a soro da carbi yana jiransa, ba wanda ya motsa. Fim ɗin da ya kalla ranar ma ban riƙe sunansa ba.

Kada ka ji kamar ina cewa aro laifi ne. Abubakar Imam ya yi aro a Magana Jari Ce tun a shekarun 1930, daga Alfu Laila, daga tatsuniyoyin Turawa, amma sai da ya jiƙa su ya tuƙa da muciyar gida. Yaron da bai taɓa jin asalinsu ba zai karanta ya ƙoshi, bakin akun nan kawai yake bi. Kuma labarin sararin samaniya ba baƙonmu ba ne, Umaru Dembo ya yi Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, in ba ka karanta ba ka nema.

To naka labarin. Na karanta babin da ka turo. A shafi ɗaya ka sa Samanja, ka sa Shata, ka sa kaset ɗin bidiyo, ka sa ɗan acaɓa, ka sa alawar da muke saya a firamare. Na yi murmushi, ban ƙi ba, amma ni ɗan shekara arba'in da 'yan kai ne. Jarumarka za a haife ta bayan mu duka mun zama ƙasa, me ya haɗa ta da Samanja? Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To nuna mini me ya ɓaci a banarta da har take waiwaye. Ɗauki abu ɗaya. A ce kaset ne na kakar kakarta, muryar tsohuwar na ciki tana faɗin iyakar wata gona ko wani sirrin gida, kuma duk Kano ta wannan zamanin babu rediyon da zai juya shi, sai ta shiga cikin Kurmi tana neman tsohon da ya gaji gyaran irinsa. Ka ga nan ko ɗan shekara goma sha biyar da bai taɓa mayar da zaren kaset da biro ba zai bi ta, don yana so ya ji me tsohuwar ta ce. Sauran ka ɗebe su ka ajiye, wataƙila su yi maka amfani a wani wurin.

Maganar saye kuwa, kada ka saya. Akwai na takarda a wajen wani abokina, ya kai rabi ya ajiye, zan karɓo maka. Ka karanta farkonsa saboda na'urar nan, ka karanta sashen Prince da biro a hannu kana ja wa kowane suna layi, ka ga yadda shafin zai koma. Ka same ni ranar Juma'a bayan an sauko, wajen mai shayin nan na bakin titi, ka taho da babi na biyu in ka gama. Cajina ya yi ja, sai da safe.