Dainoso ya shigo gida: wane littafi za a saya wa yaro?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan satin saƙonni huɗu ne suka faɗo min duk a kan dabba ɗaya, dabbar da ko kakan kakanmu bai taɓa ganin ta ba, shi ne na ce bari in haɗa su waje guda in huta.

"Anti barka da aiki. Yarona shekararsa huɗu, tun ranar da ya ga katun ɗin dainoso a wayar babansa ba mu sake samun sakat ba, ko tuwo zai ci sai ya yi gurnani tukuna. Na je shagon littattafai na tarar da iri biyu, ɗaya labari ne na dainoso mai zuwa makaranta da jaka a baya, ɗayan kuma mai kauri ne cike da sunaye da bayani, kuɗinsa ya kusa ninka na farkon. Ni kuma kuɗin ɗaya gare ni. Wanne zan ɗauka? Tsorona kar na labarin ya cika masa kai da ƙarya." Wata uwa daga Zariya.

'Yar uwa ɗauki na labarin, ki riƙe canjinki. Wancan mai kaurin na ɗan shekara takwas ne ko tara, wanda ya fara karatu da kansa, idan kika kawo shi yanzu sau biyu za a buɗe shi, daga nan ya koma matashin kai ko abin kashe kyankyaso.

Maganar ƙarya kuma, kinga mu duk da tatsuniyar Gizo muka tashi, Gizo mai mata Ƙoƙi, mai tsamin baki, mai yi wa zaki da kura wayo, kuma ban taɓa ganin wanda ya girma yana tsayawa gaban gizo-gizon bango yana jiran ya yi masa magana ba. Abin da ya cece mu shi ne tatsuniya tana da ƙofar shiga da ƙofar fita, ana cewa ga ta nan ga ta nanku mun san an shiga, ana cewa ƙurunƙus mun san an fito. To ki yi wa littafin nan haka. Ki buɗe shi da ga ta nan ga ta nanku, ki bar dainoso ya sa takalmi ya je makaranta ya sha dukan malam, in an gama ki rufe ki ce to yanzu ga na gaske, sai ki ba shi magana ɗaya tak wadda take gaskiya ce. Yau ki ce masa ƙwai suke yi kamar kaza. Gobe ki ce wasu ganye kawai suke ci, ba su taɓa cin kowa ba. Ɗaya a rana ta isa.

Ƙarya ɗaya ce nake so ki sa wa ido, domin ita ce take maƙalewa har girma: hoton mutum sanye da warki riƙe da kulki yana gudu dainoso na bin sa, kamar wai haka zamanin da yake. Dainoso mai jakar makaranta yaro ya san wasa ne, wannan kuwa kama da tarihi yake yi. Masana sun ce waɗannan dabbobin sun ƙare kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce, kuma yawancinsu suna danganta abin da wani ƙaton dutse mai faɗin kusan kilomita 10 da ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na ƙasar Meziko, ƙura ta rufe rana, tsirrai suka mutu, masu cin tsirrai suka bi, masu cin nama su ma suka bi. Babu ɗan Adam ko ɗaya a lokacin. Kai su kansu ba zamani ɗaya suka yi ba, wancan mai faranti-faranti a gadon baya da ake kira Stegosaurus ya riga T. rex, ƙaton mai cin naman nan mai tafiya da ƙafa biyu, da shekaru wajen miliyan 80, wato tsakanin T. rex da ke da ni ya fi kusa a kan tsakaninsa da Stegosaurus, amma kusan kowane littafi sai ki gan su suna dambe a shafi ɗaya. Wannan dai ki yi dariya ki wuce.

A shagon ki ce a cire ledar ki buɗe, in sun ƙi ki canja shago. Takarda mai kauri irin ta kwali, rubutu layi biyu ko uku a shafi, hoto babba mai ƙananan abubuwa a ɓoye da yaro zai nuna da yatsa. Ɗan ƙanwata sai da ya cinye kusurwa huɗu na littafinsa kafin ya yarda a karanta masa, da mai siririyar takarda ne da tuni an yi jana'izarsa.

"Ina yawan ganin littattafan yara na gwanjo an baza a ƙasa a bakin titi, da araha sosai, da kuɗin sabo ɗaya sai in kwaso da yawa. Akwai matsala in na saya wa 'yan biyuna?" Wani magidanci daga Kano.

Malam babu matsala, ni ma mafi yawan nawa daga ƙasa na tsince su. Amma ka tsuguna ka duba wutsiya. Idan ka ga T. rex a tsaye ƙiƙam kamar mutum, wutsiyarsa na jan ƙasa a baya, wannan zanen tsohon yayi ne, an daɗe da gane cewa jikinsa a kwance yake tafiya, kai a gaba wutsiya a sama a baya suna daidaita juna kamar sikelin mai nama. Na biyu gashi. A 1996 aka fito da wani ƙaramin dainoso daga duwatsun lardin Liaoning a ƙasar Sin da alamar gashi a jikinsa ƙarara, daga nan aka yi ta samun wasu, har shi Velociraptor ɗin da finafinai suka mayar dodo ashe girmansa bai wuce na babban talo-talo mai doguwar wutsiya ba kuma gashin tsuntsu gare shi. Littafin da aka zana kafin wannan lokacin duk tsirara zai nuna su kamar damo.

Ba wai na ce ka jefar da tsohon ba. In labarin da daɗi ka saya, sai ka ce wa yaran da can haka aka zata, daga baya aka tono wasu ƙasusuwan aka gyara. Akwai ma wani dainoso da aka yi wa sharri na shekara saba'in. A 1923 aka same shi a hamadar Gobi ta Mongoliya kusa da sheƙar ƙwai, aka ce ai sata ya zo yi, aka raɗa masa suna Oviraptor, wato ɓarawon ƙwai. Sai a shekarun 1990 aka samu irin ƙwan nan da ɗan tayi a ciki, aka kuma samu danginsa kwance a kan sheƙa kamar kaza mai kwanci, ashe ƙwansa ne bawan Allah. Sunan dai ya riga ya bi shi. Na ba yara wannan labarin ya fi sau goma, ba a taɓa rasa wanda ya ce a ba shi haƙuri ba.

Sauran abin dubawa na gwanjo ka san su: ka sansana ko ya yi fumfuna, ka ƙirga shafuka kar ka kai gida ka tarar ƙarshen labari babu. Masu hoton da ke tasowa in an buɗe, yawanci an riga an cire musu kai. Masu maɓallin da ake dannawa su yi ƙara kuma ka duba murfin batirin, in ba a ɗaure yake da noti ba ka bar shi a nan, domin ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo in yaro ya haɗiye yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi, maganar asibiti ce ta gaggawa.

"Ni malamar 'yan reno ce. Littattafan da muke samu duk da Faransanci ne ko Turanci, kuma duk dabbobin Amurka ne. Yara suna son hotunan amma ba sa jin komai. In ci gaba da saye ko in haƙura?" Wata malama daga Maraɗi.

Malama ke da kike Nijar ai ke ce mai kayan. Ki saya don hoto, rubutun ki rufe shi da tafin hannu ki ba da labarin da Hausa, yaro ɗan shekara uku hoto yake karantawa da muryarki. Amma ainihin abin da zan ce miki shi ne ki sayi kwali da kalar zane ki haɗa naki, domin abin da ke kwance a ƙasarku ya fi na cikin littattafan nan ban mamaki.

A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta jihar Agadas, akwai wurin da ƙasusuwa suke a fili iska ta yaye musu yashi. Wani Bafaranshe mai suna Philippe Taquet ya yi aiki a can tun shekarun 1960, a 1976 ya bayyana wani mai cin ganye da doguwar ƙaya a jere a gadon baya kamar an kafa masa shinge, ya sa masa suna Ouranosaurus nigeriensis. Daga baya Paul Sereno na Jami'ar Shikago da tawagarsa suka zo, a 1999 suka raɗa wa wani suna Nigersaurus, sunan ƙasar ne ɗungurungum a jikinsa. Tsawonsa wajen mita 9, bakinsa shafaffe mai faɗi kamar bakin shebur, haƙora sama da 500 jere a gaba wasu a bayan wasu suna jiran layi, kuma bincike ya nuna kowane haƙori bai wuce kamar sati biyu ba ake canja shi, domin kansa a ƙasa yake yini yana kiwo kamar saniya. Ki faɗa wa yaro mai famfara wannan ki ga yadda zai taɓa bakinsa. Akwai Suchomimus mai dogon baki irin na kada wanda kifi yake kamawa, kuma wannan kaɗai ya isa darasi, kifi a Tenere, domin shekaru miliyan 110 baya wurin nan koguna ne da dazuzzuka. A wajen Ingal kuma aka tono Jobaria mai dogon wuya, wanda ya kai mita 18.

Ki samo igiya ki auna mita 9 a filin makaranta, yara su kwanta a jere kai da ƙafa har su cike ta, sai a ƙirga yara nawa ne Nigersaurus ɗaya. Sunayen Latin ɗin nan kar su dame ki, ki bar yara su raɗa nasu, Mai Bakin Shebur, Dogon Wuya, Na Gadufawa, na gaskiyar ya biyo baya. In Allah ya kai ku Yamai kuma gidan tarihi na Boubou Hama yana da ƙasusuwan a tsaye, ido ya gani ya fi.

'Yan Najeriya kar ku ji haushi, ku ma kuna da Goronyosaurus, sunan Goronyo ta jihar Sakkwato ne aka ba shi a 1972. Sai dai shi ba dainoso ba ne, wani babban mai rarrafe ne na cikin ruwa, daga lokacin da teku ya rufe yankin. Haka ma masu fiffiken fata da ake zanawa suna shawagi a sama, dangi ne kawai, littattafai ne ke zuba su a kwando ɗaya.

"Maigidana ya ce kar in ɓata kuɗi, wai duk ƙaryar Turawa ce babu wata dabba haka, kuma yana tsoron abin ya taɓa wa yara aƙida." Wata baiwar Allah, ba ta faɗi gari ba.

Ki gaishe da maigidan, ki ce masa kishin tarbiyya abu ne mai kyau. Amma ƙasusuwan nan Abzinawa makiyaya sun san da su tun kafin wani Bature ya zo da buroshi, shi Jobaria ma daga Jobar aka samo sunansa, wata dabba ta cikin labaransu da suke danganta ƙasusuwan da ita. Sunan dainoso ne kawai na Turawa, wani masani ɗan Ingila Richard Owen ya ƙirƙiro shi a 1842 daga Girkanci, ma'anarsa kusan ƙadangare mai ban tsoro. Kuma a suratul Ankabut aya ta 20 an ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah ya fara halitta. Ni ba malama ba ce, abin da ya shafi fatawa ya kai wa malaminsa, ni dai a gidana in na nuna wa yaro haƙori 500 abin da ke fita daga bakinmu duka subhanallah ne.

Ki fara da littafi ɗaya mai araha, ki miƙa masa ya duba da kansa kafin yara su gani. Masana suna cewa tsuntsaye daga zuriyar wani reshe na dainoso suke, to ran da aka yanka kaza ki ajiye ƙafa ɗaya kafin a babbake, ki buɗe shafin T. rex ki ɗora ta a gefe, yatsu uku a gaba da farata da ɓawo-ɓawon fata, ki kira shi da yaran su zo su gani, sannan ki mayar da ita tukunya kar a yi asara.